A Karanta Abin da Ke Jikin Tsohuwar Bindiga Kafin a Sayar ko a Ƙona

A ƙasar Daura akwai tsofaffin bindigogi fiye da yadda hukuma ke zato, kuma yawancinsu rabonsu da tashi tun kafin a haifi masu riƙe da su yanzu. Suna rataye a ƙuryar turaka, ko a soke cikin jinkar rumbu, ko a naɗe da tsumma a ƙarƙashin gadon tsohuwa. Wasu na mafarauta ne, wasu na gidajen da suka gaji harbi a hawan Salla da na Gani, wasu kuwa babu mai iya faɗa maka ta inda suka shigo gidan. A 'yan shekarun nan ina ganin suna ƙarewa. Dillalan kayan tarihi suna saye su tsallaka da su. Masu tsoron a kama su da makami suna jefa su a masai ko tsohuwar rijiya cikin dare. Waɗanda aka miƙa wa hukuma kuma sukan faɗa tsibi ɗaya da na 'yan ta'adda, a yanka, a ƙona. Duk ta inda aka bi, ba wanda ya tsaya ya duba abin da ke rubuce a jikin ƙarfen, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Ni haifaffen Kongolam ne, bakin iyakar Mai'adua, inda mota ke barin shingen kwastan ɗinmu ta faɗa Ɗan Barto ta miƙe Matamaye da Damagaram. Kakana na wajen uwa maƙeri ne, a gindin zugazuginsa na fara ganin an warware bindigar toka, mafarauci na zaune gefe yana jiran a gyara masa kunama. Ban gaji ƙira ba, alli na riƙe. Amma da yake ina karanta boko kuma an san ni da bin diddigin tsofaffin kaya, mutane sukan ja ni gefe bayan Magariba su ce akwai abin da suke so in duba. Tambayar ba ta canzawa: "Malam, nawa za ta yi?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba.

Ba banza ƙasar nan ta tara ƙarfe haka ba. Bayan jihadi Daura ta rabu uku, Fulani a birni, dangin Sarki Abdu da aka kora kuma a Zango da Baure. Zango ta jingina da Damagaram, ita kuwa Damagaram a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta zama gidan bindiga a duk wannan yanki. Ayarin Tarabulus na kawo masa bindigogi ta hamada, mutanensa na haɗa albarushi suna zuba igwa a cikin birni. Daga kudu kuma bindigogin fatake na haurowa ta Kwara, su bi ta hannun sarakunan Bida irin su Masaba kafin su iso Kano. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai wa Kano yaƙi, mu kuwa muna tsakanin su biyu. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, a 1906 aka mai da Malam Musa na Zango kan gadon Daura, aka kuma ja iyakar da ta raba gonakin dangi ɗaya gida biyu. Kowace daga cikin waɗannan guguwa ta bar makami a hannun wani. M. G. Smith ya rubuta tarihin sarautun Daura a littafinsa na 1978, Joseph Smaldone ya rubuta na yaƙe-yaƙen daular Sakkwato a 1977, amma bindigogin da kansu, waɗanda su ne shaida, har yau ban ga wanda ya zo garuruwanmu ya bi su gida-gida ya rubuta ba.

Wani dattijo a wani ƙauye gabas da mu, abokin mahaifina, ya fito mini da tasu daga cikin buhun algarara. Doguwa ce mai ƙanƙara, in an dasa ta a ƙasa takan kusa kai mini kafaɗa. An ɗaure bututun da ƙotar da zobban tagulla da wani naɗin ɗanyar fata da ya bushe ya ƙame. A wuyan ƙotar akwai laya biyu, ɗinkin dukawa, sun yi baƙi saboda gumin hannu. Ya ce, "Ɗana, wannan ta je yaƙin Kano da Damagaram. Wani ya zo daga ƙetare ya taya, na ce sai ka gani tukuna." Na ce, "To Baba, bari mu ji ta bakinta." Na shafa wa gindin bututun ɗan man gyaɗa na goge da tsumma, sai ga wani ɗan kewayayyen hatimi da haruffa uku a ciki, E da L da G, da tauraro a ƙasansu. A farantin ƙarfen da ke riƙe da kunama kuma an buga TOWER da kambin sarauta.

Hatimin nan na birnin Liège ne a Beljiyam. A can bututun bindiga ba ya shiga kasuwa sai an kai shi gidan gwaji, an ɗura masa albarushi fiye da kima an tayar, in bai fashe ba a buga masa tambari. Birmingham ta Ingila ma tana da nata gidan gwajin tun 1813, tambarinta na wancan zamani sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama. Tunda ELG ne a jikinsa, bututun Baba na Beljiyam ne, wannan babu musu. TOWER kuwa da fari alama ce ta makaman gwamnatin Ingila da suka bi ta ma'ajiyar Landan, amma da aka yi gwanjon tsofaffin bindigogin soja bayan yaƙin Napoleon, masu saye a bakin tekun Afirka suka saba da kalmar suka yarda da ita, sai maƙeran kasuwa suka riƙa buga ta a kan kayan fatauci. Ganinta kaɗai ba ya nuna wani soja ya taɓa riƙe bindigar. Ƙotar kuma maɗaci ce, sassaƙar gida, har sawun gizago na nan a cikin kwarminta.

Saura shekaru, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. Ana ɗauka duk bindiga mai ƙanƙara ta girmi zuwan Bature. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai harsashi, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin fatauci. Wannan ya sa Liège ta ci gaba da ƙera irin ta dā domin kasuwarmu har aka yi nisa cikin ƙarni na 20, bayan Turai kanta ta manta da ita. Bindigar Baba tana iya yiwuwa ta je wancan yaƙi, tana kuma iya yiwuwa a kanti aka saye ta a Kano zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya hau a 1911. Ƙarfen ya faɗi iyakar abin da ya sani ya yi shiru. Sai na koma kan Baba. Wa ya gaya maka ta je yaƙin? Shi kuma daga bakin wa ya ji? Mene ne sunan wanda ya saɓa ta, a bayan wane basarake ya fita? Ya lissafo mini kakanni uku da sunayensu, da unguwar da suka taso daga cikinta a Zango, da dalilin tashinsu. Yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da salsalarta, haka labarin makami yake, kuma salsalar Baba ta fi ƙarfen da ke hannunsa daraja nesa ba kusa ba. Ita ce kuma dillali ba zai ɗauka ba. Zai tafi da bindigar, ya tsinke layun in sun dame shi, ya rubuta mata wani labarin da zai fi ja masa kuɗi.

A ma'aunin masu tara makamai na Turai da Amurka, bindigar Baba haɗe-haɗe ce, kuma haɗe-haɗe ba ta da farashi. Su abin da suke nema shi ne lambar da ke jikin bututu ta zo ɗaya da ta sauran sassa, itacen ya zama na asali, launin da aka fito da ita daga masana'anta bai goge ba. Ban ga laifinsu ba, tarihin masana'antunsu suke tarawa. Mu namu tarihin yana cikin gyaran ne: zoben tagullar da maƙerin Zango ya naɗa da ƙota ta tsage, da ƙarfen kunamar da wani ya sake ƙerawa da hannu, da layar da uwa ta sa aka ɗaura wa ɗanta kafin ya fita. Duk wanda ya auna kayanmu da mudunsu zai raina abin da ya kamata ya riƙe, ya kuma kwaso yashi da sanfefa ya goge ta don ta yi ƙyalli. Na ga wadda aka yi wa haka, aka bi ta da baƙin fenti. Tambarin ya tafi har abada.

Wannan ba ya nufin in gaskata duk abin da aka nuno mini. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa na kaka da kakanni ne ba su girmi ɗan fari na ba. Idan ka ga tabon waldar lantarki a gindin bututu, ko ka leƙa ka ga layin ɗinkin bututun ruwa a ciki, ko ƙusa mai kan gicciye wadda ba ta yaɗu a duniya ba sai daga shekarun 1930, to magana ta ƙare. Akwai masu shafa wa sabuwa baƙin mai su rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, ko su binne ta damina guda. Tsatsar damina guda ja ce, tana barbaɗowa a yatsa, ta kuma rufe ko'ina bai ɗaya. Tsufan gaskiya yana bin hannu: inda tafi ke kamawa ya yi santsi, inda kunci ke jingina ya dushe, gefen da ƙanƙara ke tartsatsi ya cinye. Bindigar maƙerinmu ta shekara 40 ma abin adanawa ce da sunanta na gaskiya, matsalar sai an laƙaba mata shekarun da ba nata ba.

Bindigar soja mai cin harsashi ta fi sauƙin karantawa, domin gwamnatoci ba sa wasa da lissafin kayansu. Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya ɗauka a 1871, tana da kambi a gefen dama na jikinta, da haruffan V.R. na Sarauniya Victoria, da sunan masana'anta, da shekara. Lee-Enfield ta zamanin yaƙin duniya na farko tana ɗauke da irin wannan a zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da jiki, da G.R. na Sarki George. Ƙanwarta No. 4, wadda aka fara rabawa a 1941, ita ce muka taso muna gani a kafaɗar 'yan sanda muna ce mata mak-fo. Kan kibiya da aka buga a ƙarfe ko itace yana nufin kayan gwamnati ne. In kibiya biyu ne sun haɗa kai, an sallame ta daga aiki an sayar. In ka ga D.P., ta fareti ce kawai, an yanke hukunci ba ta da lafiyar harbi. Ta ɓangaren Faransa, wadda ta fi faɗowa ta wajenmu ita ce Gras ta 1874, da sunan garin da aka ƙera ta cikin rubutun tafiyar tsutsa, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, shekarar kuma a kan bututu. Da Faransa ta koma Lebel a 1886, tsofaffin suka kwararo kasuwannin Afirka.

Su ma ana jabunsu. Maƙeran Darra Adam Khel da ke kusa da mashigar Khyber a Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon Martini da Lee-Enfield da hannu har da tambura, kuma ta tamburan ake kama su: harafin N a juye cikin ENFIELD, ko V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun wannan shekara sarauniyar ta mutu. Jabun da ya fi yawa a wajenmu kuwa na baki ne. Sau da yawa a ce maka, "Kakanmu ne ya dawo da ita daga Bama." Gaskiya ne 'yan Arewa da yawa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945, amma soja yakan mai da makaminsa ma'ajiya kafin a sallame shi. Abin da mazan jiya suka dawo da shi lambobin yabo ne da littafin sallama. Wanda ke da wannan littafi a adaka ya riƙe shi da kyau, ya fi kowace bindiga faɗin inda kakansa ya je.

Maganar kuɗi gajeriya ce. An ƙera Lee-Enfield sama da miliyan 17 a Ingila da Indiya da Ostireliya da Kanada da Amurka. Abin da aka yi miliyan 17 ba zai sa kowa ya yi arziki ba, balle wadda gara ta ci ƙotarta, tsatsa ta cinye cikinta. Raɗe-raɗin da ake yi cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsohon ƙarfe, irin wanda aka taɓa yi a kan dutsen guga mai zakara da kwabo mai huji, 'yan damfara ne ke hura shi. A kasuwar duniya abin da ke ɗaga farashin makami shi ne ƙarancin irinsa, da lafiyarsa, da takardar da ta tabbatar da hannun da ya bi. Na ukun nan shi ne muke da shi a ka, ba mu sa a takarda ba. A 2003 wani kamfanin Amurka ya saye tsohuwar ma'ajiyar makaman masarautar Nepal da ke wata fada a Kathmandu, bindigogi fiye da 50,000, aka loda a jirgin ruwa aka rarraba wa masu saye ɗaya-ɗaya. Kuɗin da aka biya an daɗe da kashe shi, kayan da suka taru wuri ɗaya fiye da ƙarni guda kuwa ba za su sake haɗuwa ba. Namu ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, shi ya sa kowace ɗaya da ta tsallaka Ɗan Barto a ƙarƙashin buhun gero take da zafi.

Na san abin da mai karatu a Batsari ko Jibiya ko Ƙanƙara zai ce, kuma yana da gaskiya: jihar da ake binne mutane saboda bindiga, wane ne ke da lokacin tausayin bindiga? Ban zo neman a bar wa kowa makamin soja a ɗaka da sunan gado ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, ta kuma bar sha'anin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mak-fo mai shekara 80 tana kisa yau yadda take yi ranar da aka ƙera ta, in ɓarawo ya ɗauke ta ba tarihi zai karanta ba. Dole ta bar gida. Inda na saɓa shi ne inda za ta je. Cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ta lalata makamai sama da 2,400 a Giri kusa da Abuja a Oktoban 2024. Aiki ne mai kyau, a ƙara. Amma a duk tsibi irin wannan ya kamata ma'aikacin gidan tarihi ya wuce ya duba kafin a kunna wuta. Ware Gras ɗaya ko Martini ɗaya daga cikin dubu ba zai rage wa tsaro komai ba, tunda za a toshe ta a kulle a bayan gilashi.

Akwai kuma dokar da masu sayarwa ba su san da ita ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta lissafa makami cikin kayan tarihi, in aikin ƙasar nan ne da aka yi kafin 1918, ko yana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin gargajiya. Irin wannan ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a fita da shi sai da takardarta. Dattijon da ya karɓi 'yan sefa a zaure yana iya jawo wa kansa laifi biyu, na makami da na kayan tarihi, dillalin kuwa ya riga ya kai Damagaram.

Daura ta san darajar makamin tarihi, fadar da ke riƙe da takobin da ake dangantawa da Bayajida ba ta bukatar a koya mata. Roƙona ga majalisar Mai Martaba Sarkin Daura shi ne ta jawo gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da rundunar 'yan sanda, a buɗe rajista ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. A ɗauki hoton kowace bindiga da tamburanta, a auna tsawonta, a rubuta sunan gidan da salsalarsu, a naɗi muryar dattijon da ya san labarin, da Sarkin Maƙera a wurin domin shi zai gane aikin gida daga na waje. Ta toka da ake hawa da ita a yi mata izini ta zauna inda take. Mai harsashi a karɓa, a toshe, a ajiye a Daura da sunan gidan da ta fito a rubuce a gabanta, jikoki su zo su nuna wa 'ya'yansu.

Kafin a kai can, mai irin wannan kaya kada ya goge, kada ya yi fenti, kada ya gwada harbawa. Bindigar toka takan kwana shekaru da ɗuri a cikinta, albarushi kuwa in bai jiƙe ba ba ya mutuwa, don haka a nisanta ta da yara da wuta, kada kuma a leƙa bakinta. A ɗauki waya a yi wa tsohon gidan tambayoyin da na yi wa Baba, yau, tun yana iya amsawa.

Rajistar ba za ta yi aiki ba muddin mutane na jin tsoron wanda ya fito da bindigar kakansa zai kwana a caji ofis, kuma tsoron nan ba na banza ba ne. Sai an ji daga bakin Kwamishinan 'yan sanda da na masarauta, a rediyo, da Hausa, an faɗi ranar farawa da ranar rufewa, da wurin da za a kai, da cewa dagacin mutum zai raka shi, da irin takardar shaidar da zai karɓa ya koma gida da ita.